Keken da Dada Asta Ta Ƙi Hawa

Ku da kuke wucewa ta ƙofar shagonmu bayan an tashi makaranta, kuna leƙo kai kuna cewa, "Zulai ta samu aikin banza, fanka na kaɗa ta tana latsa kwamfuta," ku matso ku ji. Shekarata goma sha bakwai, amma a sana'ar yankan tikitin jirgin sama na tsufa tukuf. Kwanan baya na ga furfura guda a madubi. Ummata ta ce zaren ɗankwali ne. Ni dai na san abin da na gani, kuma na san wadda ta jawo mini ita: wata tsohuwa ce daga Sahuda, ana ce mata Dada Asta, wato Inna Asta da Fulatanci.

Shagon na Kawu Ɗanlami ne, ƙanen mahaifiyata. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Mubi daga ƙasar Katsina, ba su koma ba. Mubi ba ta da jirgin fasinja, mafi kusa sai Yola, amma kar ku raina mu. 'Yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, masu Umara, ɗalibai, masu kai mara lafiya Masar ko Indiya, duk ta kan bencinmu suke bi kafin su ga gajimare.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai kwamfutar da aka ɗaure wuyanta da robar taya don kar ta kifa. Akwai firinta wadda ba ta fitar da takarda sai an mare ta a kunnen hagu. Janaretonmu kuwa tari yake yi kamar ya shekara yana shan taba. Sai sikelin auna kaya, da taswirar duniya wadda yatsun kwastomomi suka goge Saudiyya daga cikinta ƙarƙaf. A bango akwai agogo uku. Na farko na Mubi ne, na biyu na Makka, na ukun kuma ba shi da gari. Duk ranar da muke da fasinja a sama, sai in hau kujera in juya shi ya koma lokacin garin da za a sauka. Kawu ba ya yarda da agogon waya a wannan aiki. Ya ce abin da ke aljihu mantawa ake yi da shi, na bango kuwa shi yake kallonka.

A shekarar korona na shiga sana'ar, wato shekarar da babu sana'ar. An rufe makarantu, an ɗaure jirage a ƙasa kamar awakin damina. Shagonmu ya koma wajen cajin waya da sayar da ƙanƙara. Kawu, wanda idonsa ya fara yanar da ta hana shi karanta ƙananan rubutu, sai ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya riƙa ƙirƙiro mini fasinjojin ƙarya.

"Ga Alhaji Tanko zai je Guangzhou, yana da ciwon suga, ba ya jin Turanci. Kai shi."

In yi ta haɗa jirage, in kawo masa.

"Kin bar shi awa tara a Alkahira ba abinci. Kin kashe shi. Sake."

Na kashe Alhaji Tanko ya fi sau ɗari kafin a buɗe sama. Na ɓatar da shi a Istanbul, na kai shi Indiya bizarsa ta mutu, na taɓa sauke shi a wani gari ranar da ya kamata a ce yana ɗaurin auren 'yarsa. Da jirage suka dawo tashi, Kawu ya koma bakin ƙofa da carbinsa da rediyonsa, ya bar mini kujerar. Abu ɗaya ya nanata mini: fasinja naka ne har sai ka ji muryarsa yana cewa ya sauka.

Wata Litinin cikin damina ina cikin marin firinta sai ga tsohuwa siririya kamar sandar makiyayi ta shigo da sauri, wani dogon mutum yana bin ta yana haki, laka har gwiwar wandonsa. Shi ne Hamman, babban ɗanta, manomin masara.

"Ina Alhajin? Tikiti muke so, na gaggawa," in ji Hamman.

Kawu ya nuna ni da carbi. "Ga Alhajin nan."

Hamman ya dube ni sama da ƙasa, ya haɗiye abin da ya zo bakinsa, ya zauna. Da irin Hausarmu ta Mubi wadda ba ruwanta da mace ko namiji ya ce, "Ƙanwana ne ya haihu a Malesiya."

Ga yadda abin yake. Fadimatu ita ce autar Dada Asta. Mijinta, Malam Bakari, yana karatu a Kuala Lumpur, can suke zaune. Cikin fari ne. Tun tuni aka yi wa Dada fasfo da biza, da nufin ta je wata mai kamawa ta jira haihuwa ta yi mata wankan jego. Sai haihuwar ta zo da wuri, ranar Asabar, kuma sai da aka yi tiyata. Yaro ya zo lafiya, amma uwar tana kwance ba uwa ba ƙanwa, ta kira waya tana kuka har maganarta ba ta fita. A nan Dada ta yi mata alkawari cewa ba za a raɗa wa yaron nan suna ba sai yana hannunta. Suna kuwa Asabar mai zuwa ne, da safe.

"Abin ba wuya," in ji Hamman, ya miƙo mini wayarsa. "Na duba. Daga Abuja zuwa can awa goma sha uku ne. Ta gama sallama da dangi, ta tashi Juma'a da safe, ta kwana a can."

To, ku masu cewa aikin latsa waya ne, ga inda ake faɗawa rami. Lambar nan da waya take nunawa ba ƙarya ba ce, amma lissafin tsuntsu ne. An ja zare ne daga wannan gari zuwa wancan, kilomita dubu goma da ɗoriya, kamar ka je Yola daga Mubi sau hamsin, aka ce in jirgi ya miƙe ɗoɗar ga abin da zai ci. Sai dai babu jirgin da yake miƙewa daga Abuja zuwa Kuala Lumpur. Ko ɗaya.

Na ja Hamman gaban taswira. Na ce mota za ta kai ta Yola, jirgi ya kai ta Abuja ta kwana. Daga Abuja zuwa Addis Ababa ta ƙasar Habasha kusan awa biyar. A can ta sauka ta canza jirgi, na biyun ya yi awa goma da wani abu yana keta teku. Sannan na hau kujera na murza agogo na uku gaba da awa bakwai.

"Wannan kuma fa?"

"Wannan kuma rana ce take cinye shi. Muna azahar a nan, su suna isha'i. In ta tashi Juma'a, za ta tarar an ci ragon an wanke tukwane."

Sai a lokacin Dada Asta ta sa baki. "Kai yarinya, bar wa Hamman lissafi. Shi ko buhun masararsa sai na ƙirga masa. Yaushe zan tashi?"

Na shiga nema. Sabis ya ɗauke, ya dawo, janareto ya yi tari ya mutu, Kawu ya ja shi ya tashi. Na bi ta kowace hanya da na taɓa kashe Alhaji Tanko a cikinta, duk a cike, ko kuma su sauke ta Lahadi. Kujera ɗaya tak na samu, ta ranar Alhamis daga Abuja, ta sauka Juma'a da la'asar ɗin can. Amma tana da ƙaya. Tsakanin saukarta Addis da tashin jirgi na biyu, jiran gajere ne. Kuma jirgin da yake zuwa Kuala Lumpur daga can ba kullum yake tashi ba. In ta rasa shi, na gaba sai bayan suna.

Na kama kujerar kafin wani ya riga ni, sannan na yi abin da duk mai wannan sana'a yake yi wa tsohon da ba ya karatu kuma zai yi tafiya shi kaɗai: na nema mata keken guragu. Wannan dabara ce tsohuwa, kuma kyauta ce. Da zarar an sa a tikiti, a kowane filin jirgi ma'aikaci zai zo bakin ƙofar jirgi da keke yana kiran sunan fasinja, ya ɗora shi, ya ratsa da shi duk layuka da bincike, ya dire shi a ƙofar jirgi na gaba. Ba ɓata, ba tambaya. Alhazan da suke iya kokawa da bijimi a kasuwar shanu ta Tike mun ɗora su a keken nan, sun dawo suna sa mana albarka.

Na yi mata bayani ina murmushi, ina jiran godiya.

"Keken wa?" in ji ta.

"Keken... na taimako ne, Dada."

"Na guragu."

"Sunansa ne kawai haka."

Ta miƙe tsaye. Akwai buhun wani ɗan kasuwa a kan sikeli, mai nauyin da Hamman ma sai ya yi nishi. Ta sunkuya ta ɗauke shi, ta aza a ka, ta zagaya shagon, ta dire shi inda yake.

"Da ƙafar nan nake zuwa gona, da ita nake haye mayo, kogin nan namu, ruwa har ƙirji. Mai lafiya ya hau keken marasa lafiya, ai ya kira ciwo da sunansa ke nan. Allah ya ba ni ƙafa, in je gaban baƙi in nuna ban da ita? In ya karɓe abarsa fa? Kai za ka ba ni wata?"

Kawu ya gyara murya ya shigo da fuskar malamai. "Hajiya, ai lalura ce, kuma addini..."

"Malam, lalurar wa? Ƙafata ce ta zo ta kawo maka ƙara?"

Kawu ya koma bakin ƙofa ya ƙara muryar rediyo.

Na ce bari in tsorata ta. Na ce filin jirgin Addis ɗin nan ya fi daga Sahuda zuwa Mubi tsawo, ƙofofinsa sun fi rumfunan kasuwa yawa, kuma akwai wani mutumin Kwaja da ya ɓata a ciki tun yana saurayi, yanzu har ya yi jikoki a can.

"Matambayi ba ya ɓata."

"Da wane yare za ki tambaya?"

"Ina da Guɗe, ina da Fulatanci, ga Hausa, ga na Kamaru na ciniki."

"Ko ɗaya ba a ji a can, Dada."

"To su ne ba su yi karatu ba."

Hamman ya ce a rubuta mata takarda ta riƙa nunawa. Kawu ya girgiza kai daga inda yake. Ya ce duk tsohuwar da ya taɓa ba irin wannan takarda, goro ta ƙunsa a ciki.

Haka suka tafi ba ta amince ba. Ban cire keken daga tikitin ba. Washegari suka kawo kaya awo, muka yi wani yaƙin a kan gero da kanwar kunu da yajin jego da kuka. Na raba ta da kwalbar man shanu da ƙyar, tana kallona kamar na raba ta da ɗa. Laraba da sassafe suka kama hanyar Yola, Hamman zai raka ta har Abuja. Da yamma ya kira ya ce sun sauka lafiya, kuma Dada ta ce jirgi ba wani abu ba ne, motar Gombi ta fi shi girgiza.

Alhamis da azahar wayar shago ta yi ƙara. Muryar Hamman ce, da ƙugin ruwan sama a bayanta.

"Zulai, ya ƙi."

"Wa ya ƙi me?"

"Dada. An kawo keken. Ya ce wa yaron ya je ya ɗauki uwarsa."

"Yanzu tana ina?"

"Ya shige ciki da ƙafa. Ni an hana ni wucewa. Kuma hadari ne a nan kamar tashin duniya, ba jirgin da ya motsa."

Na dubi agogon Mubi. Lokacin tashinsu ya yi. Kowane minti da jirgin ya ƙara a ƙasa, daga ɗan jiran nan na Addis ake yankarsa, domin jirgi na biyu ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata akwai mai zuwa. Na buɗe taswirar da take nuna jirage a waya. Namu yana nan a manne a Abuja kamar ƙuda a kan alewa.

Rabin awa ta wuce. Kawu ya kashe rediyo, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai in an yi rasuwa. Wani ya shigo yana son hoton takardu, na ce masa firinta ta tafi ƙauye.

Dada tana da ƙaramar waya mai tocila, wadda layinta zai mutu da zarar ta bar ƙasar nan. Na kira. Sai da ta yi ƙara har ta gaji sannan aka ɗauka.

"Wa ke nan?"

"Zulai ce, Dada, mai tikiti."

"Mai keke."

"Dada, ki saurare ni don Allah, ba wasa a bakina yau. Jirginku ya makara. In kun sauka Habasha, lokacin da ya rage miki bai kai na dafa shinkafa ba. Akwai bincike, akwai hawa bene, akwai ƙofofi, kuma duk rubutu ne. Yaron da zai zo da keke ba ƙafa zai ara miki ba, ido zai ara miki. Shi kaɗai ya san ƙofar. In kika kore shi, Fadimatu za ta yi suna ita kaɗai."

Ina jin ana sanarwa da lasifika a bayanta.

"Dada?"

"Na ji ka."

"Za ki hau?"

"An ce mu tashi," in ji ta, ta kashe.

Sun tashi da makarar fiye da awa guda. Na zauna ina kallon ɗan jirgin nan a waya yana jan ciki ta kan Kamaru, yana nufar gabas, a hankali kamar hawainiya mai ciwon baya. An ce jirgi yana gudun da ba motar da ta taɓa yi, amma ku kalle shi a taswira ranar da kuke da tsohuwa a ciki. Har hura masa iska na yi.

Ana kiran magariba a Mubi suka sauka Addis. Na yi salla, Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana Habasha yana neman ƙofa. Kafin mu idar da isha'i jirgi na biyu ya ɗaga, a kan lokacinsa daidai, ranar da na fi son ya makara.

Tana ciki ko ba ta ciki? Ga abin da ba ku sani ba game da ƙananan shaguna irin namu. Mu ta hannun wani babban ofishi a Abuja muke yanka, kwamfutarmu ba ta nuna wanda ya hau da wanda aka bari. Na kira ofishin, sun tashi. Na kira wayar Dada duk da na san a mace take, matar nan ta cikin waya ta ba ni haƙuri.

Sai ga kiran Malam Bakari. A agogo na uku dare ya raba a can, amma idonsa biyu.

"Malama Zulai, ta hau?"

Kafin in amsa na ji wata murya siririya daga gefe tana cewa, "Ba ni ita." Fadimatu ce.

"'Yar'uwa, Dadata tana hanya ko?"

Bakina ya ɗauko "tana hanya" zai saki, domin ƙarya ba ta yi mini wuya, ku shaida ne. Kawu ya ɗaga mini yatsa. A shagon nan an yarda ka yi wa kwastoma ƙarya a kan kyawun hularsa, ba a yarda ka yi masa a kan inda fasinjansa yake ba.

"Ta sauka Habasha lafiya, wannan na sani. Jirgi na biyu ya tashi, shi ma na sani. Ko tana ciki, sai gobe."

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To," a hankali, ta miƙa wa mijinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a na riga mai shara zuwa shago. Ofishin Abuja suka ce injinsu bai nuna komai ba tukuna, in sake kira an jima. Hamman yana cikin motar dawowa, duk garin da suka samu sabis sai ya kira ya ce, "Yaya?" in ce, "Shiru." Na fara shirya abin da zan yi in ta tabbata an bar ta: tsohuwa a ƙasar da ba ta jin kowa, ba waya, kuma ta riga ta kori duk wanda aka aiko ya taimake ta. Na buɗe kwamfuta ina neman wata hanya daga Addis, ko ta ina ce, wadda za ta kai ta kafin safiyar Asabar. Babu.

Da hantsi, agogo na uku yana nuna la'asar, ɗan jirgin ya taɓa Kuala Lumpur. Malam Bakari ya kira ta bidiyo daga wajen da ake tarbar matafiya, ya juya wayar tana kallon ƙofar fitowa. Kawu ya jawo kujera ya matso da fuskarsa har hancinsa yana taɓa gilashi, ko da yake ba abin da yake gani sai inuwa.

"Faɗa mini," in ji shi.

"Wasu Sinawa ne. Ga mace da yara biyu. Ga wasu dogaye masu jakar goyo."

"Baƙar fata fa?"

"Ga wasu nan... maza ne."

Ƙofar tana buɗewa tana rufewa. Mutane suna rungumar juna suna tafiya. Aka fara raguwa.

"Masu keke su ake fitarwa a ƙarshe," in ji Kawu. "Kullum haka ne." Amma carbin yana gudu a hannunsa.

Keke na farko ya fito da wani tsoho mai farin gemu. Na biyu da wata mata mai kumburarriyar ƙafa. Sai ƙofar ta rufe, ta daɗe ba ta buɗe ba. Malam Bakari ya matso da bakinsa kusa da wayar. Na ji yana cewa Fadimatu tana ta kiransa a ɗaya layin, me zai ce mata? Wani mai goge ƙasa ya zo ya wuce da injinsa ta gaban ƙofar, a natse, kamar ba abin da ya dame shi a duniya.

Ƙofar ta buɗe.

Keke ne. A kan kujerarsa an ɗora ƙullin zannuwa, an ɗaure shi da ɗankwali don kar ya faɗi, buta tana zaune a samansa kamar amarya. Wani siririn ma'aikaci yana turawa da gudu-gudu. A gefensa, hannunta ɗaya damƙe da hannun rigarsa, takalmanta a ɗaya hannun, Dada Asta ce take jan shi gaba.

Na yi ihun da ya sa mai shayin tsallaken titi ya zubar da madara. Kawu yana ta cewa, "Mene ne? Ita ce? A kai take?"

"Ita ce! Ba a kai take ba, butarta ce a kai!"

Malam Bakari ya durƙusa yana gaishe ta, ta ce ya tashi, ba gaisuwa ta kawo ta ba. "Yau wace rana a garin nan?"

"Juma'a ce, Dada."

"Suna fa?"

"Gobe da safe."

"To kira Fadimatu ka ce na iso. Ka ce kar a sake ba ta ruwan sanyi." Sai ta hangi fuskata a wayar, ta matso har ba na ganin komai sai ido ɗaya da goshi. "Mai keke ne?"

"Ni ce, Dada! Yaya aka yi a Habasha?"

"Yaya za a yi? Na sauko na ga yaro da keke yana kiran Asta, Asta, kamar shi ya raɗa mini. Ya ce in zauna, na ɗora masa kaya. Ya sake cewa in zauna, na kama rigarsa na ce mu je. Ka ce ido zai ara mini, to idon na karɓa. Muna isa suna jan ƙofa."

"Gudu kuka yi?"

"Ni dai tafiya na yi. Shi ne ya yi gudu. Sau biyu ina tsayawa yana numfashi." Ta juya ta saki rigar ma'aikacin, ta kwance bakin zaninta ta ba shi goro, yana jujjuya shi bai san ko mene ne ba. Har Malam Bakari ya ɗauki ƙullin sun fara tafiya, sai ta sake fizgo wayar.

"Kai yarinya. Na dawowa ma ka sa mini keken."

"To, Dada."

"Amma ka gaya musu su ba ni yaro mai ƙafa."